Yadda za ka saita birkin betkasta ba tare da zare ya cukurkuɗe maka ba

Duk wanda ya saba da fatsar gargajiya, ko da injin sifinin mai rataye a ƙarƙashin sanda, ranar da ya fara riƙe betkasta, wato injin fatsa mai zama a saman sanda wanda kwarkwaron zarensa ke juyawa, sai ya ji kamar an canja masa hannu. Jifa ɗaya, dalma ta faɗi a gabansa, zare ya kumbura a kan kwarkwaro ya harɗe, sai an zauna an tsefe shi. Da yawa daga nan suke mayar da injin cikin kwalinsa, su ce wannan ba na ruwanmu ba ne. Injin kuwa lafiyarsa ƙalau. Birkinsa ne ba a saita ba, kuma saitin abu ne da za ka koya a filin unguwa kafin ka taka bakin Kogin Kaduna.

Abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne cukurkuɗewar zare tana da lokaci. Akwai wadda ke zuwa da zarar ka saki, akwai ta tsakiyar tafiya, akwai ta sa'ad da dalma ta taɓa ruwa. Kowacce da maganinta a jikin injin. In ka iya gane wacce ce ta same ka, ka san abin da za ka murɗa, ka huta da murɗe-murɗen lalube.

Abin da ke faruwa a cikin injin

A injin sifinin kwarkwaro ba ya motsi lokacin jifa, zare ne ke warwarowa daga bakinsa. A betkasta kuwa kwarkwaron da kansa ke juyawa: nauyin abin da ka jefa ya ja zare, zare ya ja kwarkwaro. Ka tuna tayar keke in an kifar da keken an wulwula ta da hannu, ka janye hannunka amma ita tana ta tafiya. Haka kwarkwaro yake. Dalma tana barin bakin sanda da gudu, iska ta fara rage mata ƙarfi nan take, shi kuwa kwarkwaro yana nan a kan gudunsa na farko, yana ta amayo zaren da babu mai jansa. Zaren da ya rasa hanyar fita sai ya tashi, wani ya hau kan wani, ya sarƙe. Aikin birki ɗaya ne, ya riƙe kwarkwaro kada gudunsa ya wuce gudun dalma.

Ɗauko injin ka duba. A gefen da hannun juyi yake akwai abubuwa biyu da sababbin hannu ke rikitawa. Na farko wani abu mai siffar tauraro a gindin hannun. Wannan ba ruwansa da jifa, shi ke ƙayyade irin ƙarfin da kifi zai ja kafin zare ya fara zame masa. Na biyu ɗan murfi zagayayye kusa da tauraron, wanda zan riƙa kira notin matsi. Yana danna ƙarshen ƙarfen da ya ratsa tsakiyar kwarkwaro. A ɗaya gefen, inda tafin hannunka ke rufewa, nan birki yake. A bayan kwarkwaro kuma akwai madanni, daidai inda babban yatsa ke sauka, in ka danna shi kwarkwaro ya rabu da giya ya zama sake.

Birkin iri-iri ne, kuma sai ka san wanne ne a hannunka.

In ka ga majuyi mai lambobi a wajen murfin gefe, galibi daga 0 zuwa 10, a wasu injinan Daiwa har 20, ko an rubuta MIN da MAX, to mai yiwuwa birkin maganaɗisu ne. Irinsa ne a injin Abu Garcia Black Max. Kwarkwaron na alminiyom ne, maganaɗisu kuwa ba ya kama alminiyom, don haka in ka buɗe ka ga ba su manne wa juna ba, kada ka ce maganaɗisun ya mutu. In alminiyom yana juyawa kusa da maganaɗisu, wata 'yar wutar lantarki kan taso a cikin ƙarfen, ita ce ke turje wa juyin. Ba abin da ke gogar wani, ba abin da ke cinyewa. Majuyin yana ƙara wannan turjiya ne ko ya rage ta. Birkin nan yana riƙo tun daga farkon jifa har kusa da ƙarshe, kuma ana gyara shi daga waje cikin daƙiƙa ɗaya, shi ya sa na fi so mai koyo ya fara da shi.

Na biyu birkin majajjawa. Shi sai ka buɗe murfin gefe za ka gan shi: 'yan robobi ƙanana, 4 ko 6, a jere kewaye da kan kwarkwaro. In kwarkwaro ya ɗauki gudu sai ya watsa su waje, su gogi wani zobe da ke cikin murfin. Lissafinsa shi ne in gudu ya ninka biyu, ƙarfin da ke tura robobin ya ninka huɗu. Saboda haka yana damƙa sosai a farkon jifa, lokacin da kwarkwaro ya fi gudu, ya sassauta in gudun ya ragu. Tsohuwar dabara ce, tana cikin injin Ambassadeur da kamfanin ABU na Suwidin ya fitar tun 1952, kuma har yau Shimano suna sa ta a injinansu irin su SLX da Curado. Wasu sababbin suna da robobin a ciki da majuyi a waje don ƙaramin gyara. Wasu kamfanonin kuma sun haɗa majajjawa da maganaɗisu a inji ɗaya.

Akwai na uku, wanda Shimano ke rubuta wa DC. 'Yar kwamfuta ce a ciki take auna gudun kwarkwaro ta taka birki da kanta, ba ta buƙatar batir, juyin kwarkwaron ke ba ta wuta. Yana da tsada. In shi ka samu, irin SLX DC lambobi 4 gare shi, ka fara da 4, sauran bayanin nan kuma duk ya shafe ka in ban da buɗe murfi.

Kafin ka taɓa birki

Da yawa daga cikin laifin da ake ɗora wa birki na zare ne da nauyi.

Ka fara da zaren nailan mai laba 12 zuwa 15, wato nauyin da yake ɗauka kafin ya tsinke, wanda kaurinsa bai wuce milimita 0.30 zuwa 0.35 ba ko kusa da haka. Yana da araha, in ya lalace ka yanke ba ka ji ciwo ba, kuma in ya harɗe ana ganin bakin harɗin. Saƙaƙƙen zare ka bar shi sai hannunka ya faɗa. In dole shi za ka sa, kada ya gaza laba 30, domin siririn yana nutsewa cikin 'yan'uwansa, kuma ka fara shimfiɗa 'yan mitoci na nailan a ƙasa saboda saƙaƙƙen yana zamewa a kan ƙarfe.

Wajen naɗi ka samu mai taimako. Ka zura fensir a tsakiyar kwarkwaron da zaren ya zo a kai, ƙaninka ko abokinka ya riƙe, zaren ya riƙa fitowa ta samansa yana juyawa. Ka bi da shi ta zobban sanda da ɗan idon da ke kai-komo a gaban injin, ka ɗaure, ka matse zaren da jiƙaƙƙen tsumma kana naɗawa. Ya naɗu ƙam, domin naɗi mai sako-sako harɗi ne da aka ajiye. Kada ka cika fal. A bar kamar milimita 3 tsakanin zare da leɓen kwarkwaro, mai koyo ma ya bar 5.

Nauyin koyo giram 14 ne, rabin oza ke nan, dalma zalla ba ƙugiya. Duba rubutun da ke jikin sandarka sama da mariƙi. In an sa 1/4 zuwa 3/4 oz, ana nufin giram 7 zuwa 21, kuma 14 ya faɗo a tsakiya. Abin da bai kai giram 7 ba yana wahalar da betkasta na yau da kullum, ko a hannun gwani, domin ba shi da ƙarfin da zai ja kwarkwaro ya ci gaba da jansa.

Ga wata dabara da ke ceton zare. Ka jawo mita 25 zuwa 30 a ƙasa, ka liƙa guntun baƙin tef irin na masu gyaran wuta a kan zaren da ya rage a kwarkwaro, sannan ka naɗe wanda ka jawo a kansa. Duk harɗin da zai zo ba zai wuce tef ɗin ya shiga ƙasa ba. Ka tuna cire shi ranar da za ka je ruwa da gaske.

Tauraron kuma ka gama da shi sau ɗaya. Ƙa'idar ita ce zare ya fara zamewa a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Laba 12 kusan kilo 5.4 ne, don haka robar ruwa mai lita 1.5 a cike ta isa ma'auni: ɗaura ta a bakin zaren, ka ɗaga da injin kai tsaye ba tare da ka lanƙwasa sanda ba, ka murɗa tauraron har ya zama robar tana shirin barin ƙasa zare yana fara zamewa.

Saitin farko

Samu fili mai faɗi, filin ƙwallon unguwarku ko na makarantar firamare bayan an tashi, a Malali kake ko Tudun Wada ko Barnawa. Ka duba sama babu wayar wuta, domin sandunan zamani na kabon ne kuma suna ɗaukar lantarki. Ka zo da sassafe kafin iska ta tashi. Ka ajiye baho ko tsohuwar taya a nisan mita 10 zuwa 15.

Fara da birki, ka kai shi sama. Na maganaɗisu ka sa shi a 8 cikin 10, ko ma ƙarshe gaba ɗaya, babu abin kunya a ciki. Na majajjawa ka buɗe murfin gefe a kan tabarma ko zani, kada a tsaye a kan yashi, domin kwarkwaro yana iya zamowa ya faɗi, leɓensa kuwa in ya lotsa ya gama aiki. A yawancin injina robar da ka tura waje ita ce a kunne, wadda ka danna ciki wajen tsakiya har ta yi ƙas ita ce a kashe, amma akwai masu kifawa sama da ƙasa, don haka ka duba takardar da ta zo da injin. In 6 ne ka kunna 4, ko duka. In 4 ne ka kunna duka. Kullum ka kunna su suna fuskantar juna, biyu a gaba da gaba, ko uku a tsallake ɗaya-ɗaya, don kwarkwaro ya juya ba rawa. Mayar da murfin ka tabbatar ya kulle.

Sai notin matsi. Naɗe zare har dalma ta rage kamar taƙi ɗaya daga bakin sanda. Ɗaga sandar bakinta ya wuce kanka kaɗan. Ɗaure notin har ka ji ya ɗan yi tauri, da yatsu biyu kawai, kada ka matse shi da ƙarfi, akwai wani ɗan falle a cikinsa da ƙarfen kwarkwaro ke lotsawa. Danna madanni ka ɗaga yatsanka. Dalma ba za ta motsa ba. Yanzu ka riƙa kwance notin kaɗan-kaɗan har ta fara sauka a hankali, ta ɗauki daƙiƙa 2 ko 3 kafin ta isa ƙasa. Idonka a kan kwarkwaro lokacin da ta taɓa ƙasa. In ya tsaya cak, ko ya ƙara bai kai juyi ɗaya ba, ka samu. In ya ci gaba har zare ya tashi, ƙara ɗaurewa kaɗan ka sake. Yi wannan gwaji sau uku ko huɗu har ka yarda da shi.

Injinan Daiwa na zamani an yi su ne a kan wata hanya dabam: ka kwance notin har in ka girgiza kwarkwaro da yatsa hagu da dama ka ji yana ɗan ƙas-ƙas, sannan ka ɗaure daidai inda motsin ya ɓace, ka bar wa majuyi sauran aikin. In irinsu ne a hannunka, bi wannan, ka sa majuyin sama sosai.

Jifa

Danna madanni, babban yatsanka ya sauka a kan zare ya riƙe kwarkwaro. Waiga bayanka, yara suna taruwa a inda ake irin wannan. Fara da jifan gefe, sanda a kwance daidai ƙugu zuwa ƙirji, ka kai ta baya a hankali ka dawo da ita gaba da motsi ɗaya mai santsi. Ka bar nauyin dalma ya lanƙwasa sandar, ita za ta yi maka jifan. Fizga ita ce babbar abokiyar gabar betkasta, domin tana ba kwarkwaro gudun da dalma ba za ta iya biya ba.

Sakin yatsa a nan yana zuwa da wuri fiye da na sifinin. In kana jifa da hannun dama daga gefen dama, ka ga dalma tana karkata hagu, ka makara wajen saki. In tana tafiya dama, ka yi gaggawa. A jifan sama, ka juya wuyan hannu yadda injin zai kwanta a gefensa, ka saki tun sanda tana saman kanka. In ka makara dalma za ta doki ƙasa a gabanka kwarkwaro yana tsakiyar gudu, kuma wannan ne ke haifar da harɗi mafi muni.

Bayan saki kada yatsan ya yi nisa. Ya tsaya yana shafar zare sama-sama, yadda in zaren ya fara tashi za ka ji shi yana taɓa fatarka, ka ɗan danna, ka sassauta. Dalma tana gab da sauka ka danne gaba ɗaya. Babu birkin da ya ɗauke maka wannan dannawar ta ƙarshe. Sai kwarkwaro ya tsaya sannan ka juya hannun injin, domin juya shi kwarkwaro yana gudu yana cinye haƙoran giya.

Da wannan saiti ba za ka yi nisa ba, wataƙila mita 15. Haka ake so. Nufi bahon, ka manta da nisa tukuna.

In zare ya tashi, tsaya ka tambayi kanka yaushe

Nan ne ainihin koyon yake, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Zare ya harɗe, sai hannu ya kai ga komai a lokaci ɗaya, a murɗa noti, a murɗa majuyi, har tauraro a taɓa. Bayan haka ko jifa ya yi kyau ba ka san abin da ya gyara shi ba, gobe in ka canja dalma ka koma farko. Abu ɗaya ake taɓawa a lokaci ɗaya, a yi jifa biyar, a gani.

In harɗin ya zo nan take, dalma ba ta yi ko mita 5 ba ka ji fuu a ƙarƙashin yatsanka, wani lokaci har ta tsaya a sama ta dawo, to matsalar farkon jifa ce. Ko ka fizga, ko birki bai isa ba. Fara da sassauta hannu. In ya sake, ƙara robobi biyu a birkin majajjawa, ko lamba biyu a na maganaɗisu. Notin matsi ba shi da tasiri sosai a nan, ƙarfinsa kaɗan ne in aka gwada da gudun da kwarkwaro ke yi a wannan lokaci, kuma wanda ya yi ta ɗaure shi don maganin harɗin farko zai kashe nisa ya lalata fallen ciki, harɗin kuma bai tafi ba.

In dalma ta yi rabin hanya lafiya sannan ka ga zare yana kumbura a hankali, matsalar tsakiya ce. Iska ce ta tare dalma, ko ka jefa ta sama da yawa ta rasa gudu a can ƙoli, ko abin da ka jefa yana da faɗi ba nauyi. Maganinta majuyin waje, ƙara lamba ɗaya ko biyu. In injinka majajjawa ne zalla babu majuyi, ƙara roba kuma yatsa ya ƙara kusanci. Sau da yawa irin wannan kumburi yana kwanciya da kansa in ka shafa shi da yatsa a kan lokaci.

In komai ya tafi daidai sai da dalma ta taɓa ƙasa ko ruwa sannan zare ya tashi, matsalar ƙarshe ce. A nan gudun kwarkwaro ya yi ƙasa, robobin majajjawa sun saki, maganaɗisu ma ƙarfinsa ya ragu, abin da ya rage notin matsi ne da yatsanka. Ɗaure notin kaɗan, motsin da ido da ƙyar zai gani, ka kuma saba da danne kwarkwaro tun dalma tana saura taƙi ɗaya ta sauka.

Akwai kuma harɗin da ba na birki ba. In zare yana fita sai ya tsaya kwatsam kamar an riƙe shi, ya nutse ne cikin na ƙasa, ko naɗin ya yi sako-sako. Jawo shi har ka wuce wurin, ka sake naɗewa a matse.

Sauke birki

In ka yi jifa 10 a jere zare bai tashi ba, rage majuyi lamba ɗaya. Wasu 10 lafiya, ka sake ragewa. A majajjawa ka sauko daga 6 zuwa 4, daga 4 zuwa 3, daga baya 2. Za ka ga nisa yana ƙaruwa ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Wata lamba za ka isa inda zare ke fara tashi a tsakiya, to ka koma ɗaya sama, nan ne wurin zamanka da wannan dalma a wannan iska. Sai bayan birki ya zauna za ka fara kwance notin matsi, kaɗan-kaɗan, iyakarsa inda kwarkwaro ke gab da fara girgiza hagu da dama. Kada ka wuce nan.

Ban ga dalilin da zai sa kowa ya yi tseren kai birki sifili ba. Wanda ke jefa mita 25 duk yini zarensa lafiya ya fi wanda ke kai 35 sau ɗaya ya zauna tsifa. Tarwaɗa da tufi ma sau da yawa a gindin ciyawa da duwatsun kusa da gaɓa suke.

Warware harɗi

Kada ka ja da ƙarfi, kada kuma ka yi saurin ɗauko reza. Danna madanni, ka jawo zare a hankali har ya tsaya. Duba inda ya tsaya za ka ga wani lanƙwasasshen zare ya haye kansa. Ɗaga wannan da farce ko tsinken sakace, ka jawo shi baya ya yi sako-sako, sannan ka sake jan babban zaren. Haka za ka yi ta bi ɗaya bayan ɗaya. In ya ƙi, juya hannu giya ta kama, ɗaure tauraro, danne kwarkwaro da babban yatsa da ƙarfi daidai kan harɗin, ka juya hannu rabin juyi sau biyu ko uku, sannan ka danna madanni ka ja. Wannan yana kwantar da lanƙwasassun zuwa gefe ɗaya. Kada ka manta ka mayar da tauraron inda yake. In an warware, jawo zare har ka isa inda naɗin yake ƙam, ka naɗe ta tsakanin yatsu. Nailan da ya karye ya yi fari a wuri ɗaya ya raunana, a nan zai tsinke ranar da babban kifi ya kama, don haka yanke shi. Haka ma 'yan mitocin da suka sha gogar ƙasa a filin koyo.

A bakin ruwa

Saitin fili mafari ne kawai. Da ka cire dalma ka ɗaura kifin roba ko cokali, wato ɗan ƙarfen yaudarar kifi mai siffar cokali, ka sake gwajin sauka, ka mayar da birki lamba biyu sama, ka sauko da shi a hankali. Cokalin ƙarfe mai giram 14 da kifin roba mai faɗi mai giram 14 nauyinsu ɗaya a sikeli, amma iska ba ta yi musu riƙo ɗaya, mai faɗin ya fi neman birki. Wanda ya fi duka wuya shi ne haɗin masu neman tarwaɗa da ragon ruwa a ƙasan ruwa, dalma a wuri ɗaya, ƙugiya da tana ko hanta tana reto a wani. Nauyi biyu ne ke juya juna a sama, gudunsu ba ya tsayawa a kan hali ɗaya. Wannan ka ƙara masa birki sosai, ka rage tsawon zaren ƙugiyar, ka wurga shi a hankali ya yi baka.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa. In da hali ka zaɓi gaɓar da za ka ba ta baya. A buɗaɗɗen ruwa irin madatsar Kangimi a Igabi ba abin da ke tare ta, kuma in dole ka jefa cikinta, ƙara lamba biyu ko uku, ka yi jifan gefe ƙasa-ƙasa kusa da fuskar ruwa, ka zaɓi abu mai nauyi mara faɗi. Busasshen nailan yana da tauri, yana son tashi daga kwarkwaro, in ya sha ruwa kuwa sai ya yi laushi. Zuba ɗan ruwa a kan zaren kafin jifan farko, ka yi gajerun jifa uku ko huɗu ya jiƙu.

Da rani ruwan kogin yana ja baya duwatsu su fito, ƙugiya kuma tana yawan maƙalewa. In ta maƙale kada ka ja da injin, zaren zai nutse cikin na ƙasa, jifan da ke biye ya tsaya a sama. Jawo zare sake, ka naɗa shi a guntun ice, ka ja da icen. Bayan haka, ko bayan ka fito da kifi mai ƙarfi, warware 'yan mitoci ka sake naɗewa kafin ka yi jifa. A Agusta da Satumba kuwa kogin yana cika ya yi ƙarfi, gaɓa tana zaftarewa, wannan ba lokacin koyo ba ne a bakinsa. In hadari ya haɗo ana walƙiya, kwantar da sandar ka bar wurin.

Ruwan yana da masu shi tun kafin ka zo. In ka tarar da masunta, yi sallama ka gaishe su: "Sannunku da aiki, Baba. Ta ina ne babu raga ko mamari, in ɗan yi jifa?" Za su nuna maka, sau da yawa har su gaya maka inda duwatsu suke a ƙarƙashi, ka tsira da ƙugiyarka su tsira da kayansu.

Ƙura tana canja saiti ba ka sani ba. In ka ji injin ya fara ƙara, ko nisa ya ragu alhali ba ka taɓa komai ba, buɗe murfin gefe ka goge zoben birki da robobin da tsumma mai tsabta. Boris ɗin kwarkwaro ɗigo ɗaya na mai mara kauri yake so, man keken ɗinki ma ya yi in babu na injin. Baƙin mai da giris suna daskarar da shi. Bayan sa mai kwarkwaro zai fi gudu, don haka ka ƙara birki kafin jifan farko. In na hannu za ka saya, buɗe shi a gaban mai sayarwa ka ƙirga robobin ko maganaɗisun su cika, ka murɗa majuyin daga farko zuwa ƙarshe ka ji yana tafiya, ka shafa leɓen kwarkwaro da farce ko akwai lotsa. In an dawo gida ka sassauta tauraro, ka sa injin cikin jaka ko tsohuwar safa, ka ajiye shi inda rana ba ta dukan zaren.